Baba, Na Ciwon Baya Ne

Tun da na yaye auta babu rigar mama ko ɗaya a akwatina da take zama da ni lafiya. Wata bayanta ya haye har ya kusa ƙeya, wata igiyarta ta yi mini shata a kafaɗa. Akwai kuma mai ƙarfe, wadda ƙarfenta ya huda ya fito ya soke ni ana tsakiyar walima, na saki salati da ƙarfi, matan da ke kusa da ni suka ɗauka wa'azin ne ya ratsa ni.

Ƙanwata ce ta ɗauko tef ɗin tela ta auna ni, tana yi tana faɗa. Wai lambar nan da muke gani awon ƙasan ƙirji ce da inci, harafin kuma tazarar da ke tsakanin wannan awon da na saman ƙirji: inci ɗaya A, biyu B, uku C, huɗu D. Wai maɗaurin da ya zagaye jiki shi yake ɗaukar nauyi, igiyoyin kafaɗa 'yan rakiya ne, kuma duk wadda bayanta ya haye sama to maɗaurin ya yi yawa. Ta ce ni 36D ce, in ban samu ba 38C ko 34DD mazubinsu ɗaya. Ta rubuta mini a tafin hannu da biro. Jiya da la'asar na ja 'yata ta tsakiya muka hau adaidaita sai Ƙofar Wambai, don an ce an fasa sabuwar dila.

Abin da har gobe yake ɗaure mini kai shi ne, ɗinkin sallah sai tela ya auna mu kafaɗa, hannu, tsawo, ya rubuta a littafi, amma rigar da za ta wuni manne da jikinmu, namiji ne a rumfar gwanjo yake yanke mana hukuncinta da ido. Nawa mai rumfar ya dube ni, cikin hijabi har ƙasa, wanda ko ni ban san inda na fara da inda na ƙare a cikinsa ba, ya ce, "Hajiya, ke arba'in ce."

Na nuna masa tafin hannuna. Gumi ya riga ya cinye rabin rubutun. Ya tona tulin kayan ya zaro wata ja wur, mai soso, mai ƙugiya uku. A takardar jikinta an rubuta 36, an rubuta 80, an kuma rubuta 95. Ni dai an koya mini a gida cewa 36 lissafin Ingila ne, 80 na su Jamus da suke awo da santimita, 95 kuma na Faransa, su da suke ƙara 15 a kan na maƙwabtansu. Na tambaye shi don in ji ta bakinsa. Ko gezau bai yi ba. Ya ce 36 lambarta ce, 80 nauyin da take iya ɗauka, 95 kuma ingancinta ne cikin ɗari.

Wurin gwaji babu, in an saya kuma ba a mayarwa. Ya ce, "Ki ɗora a sama, Hajiya, kowa haka yake yi." Da gaske kuwa na ga wata a gefe ta kara tata a kan mayafi ta ajiye. Ni da na zo da ilimi sai na ce ai karawa ba gwaji ba ne, dole a ɗaure a ƙugiyar ƙarshe a ga yadda maɗaurin zai zauna. Hijabin nawa mai hannu ne. Na zura hannuwa, na kai baya, na ja, na saƙala. Ƙugiyoyin nan uku, ko ɗaya ba ta shiga raminta ba. Duk suka nutse cikin yadin hijabin. Na ja hagu suka ƙara kamawa, na ja dama yadin ya nannaɗe a kansu.

A daidai nan 'yata ta ƙwalla, "Umma, ga Alhaji!"

Kafin in juya ta fice a guje. Sai ga ta tana janye da hannun kakanta, mahaifin maigidana, da sandarsa da carbinsa da ledar rigunan sanyi da ya saya wa jikoki saboda hunturu ya matso. Mutumin da tun da aka kawo ni gidansu ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba. Mutumin da in na ji gyaran muryarsa a zaure nake neman mayafi ko da akwai wani a kaina.

Jiki ya san aikinsa, bai yi shawara da ni ba. Kawai na tsinci kaina a durƙushe a ƙasa, kai a sunkuye. To sunkuyar da kan nan ita ta kashe ni, don da na kalli ƙasa ba ƙasar na gani ba, su na gani: jajaye, a tsaye ƙyam a kan baƙin hijabi kamar an kife ƙwarya biyu, takardar 36, 80, 95 tana lilo a gefe. Mai soso ba ta san ladabi ba. Ni na rusuna, ita ta ƙi.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau, lafiya lau. An wuni lafiya?"

Ya ɗaga kai yana duban kwanon rufin rumfar. Bawan Allah nan ya dubi kwanon nan duba na mai niyyar saye. Kuma kun san gaisuwar suruki ba a yanke ta. Ya gida, lafiya lau. Ya yaran, lafiya lau. Ya mai sunan malam, yana nan ƙalau. Ya sanyi, da godiya. Ya gajiya, babu gajiya. Kowace amsa na bayar sai na ƙara rusunawa, kowace rusunawa kuma sai igiyar kafaɗa ta ja hijabin ta baya, wuyansa ya shaƙe ni. Tambayoyi suka ƙare masa, shiru ya yi yawa, sai bakinsa ya suɓuce ya ce, "An zo sayayya ne?"

Na ji lokacin da ya yi nadamar tambayar. Carbin ma ya tsaya.

Daren jiya na juya wannan wurin a raina har aka kira assalatu. An zo sayayya ne. Me zan ce? A'a, Baba, wucewa nake yi ta faɗo mini? Wai wata Ba'amurkiya, Mary Phelps Jacob, da ta yi rajistar irin wannan riga a 1914, da hankici biyu da 'yar igiya ta haɗa tata. Hankici biyu! Da duniya ta tsaya a nan, da na zare su na share gumi, Baba ya sa mini albarka ya wuce. Sai da aka bi aka ƙara soso da ƙarfe da ƙugiya uku.

Allah ya sa akwai wata tsohuwa mai dafaffiyar gyaɗa a bakin rumfar, ita ce ta ɗauki lamarin a matsayin nata. Kunnenta ya yi nauyi, don haka raɗarta ana jin ta har layi na gaba.

"'Yar nan, riƙe numfashinki, za ta saki."

Na riƙe. Ba ta saki ba.

"To ku nemo man shanu a shafa wa ƙarfen."

Babu wanda ya motsa. Ta juya ga jama'ar da suka fara taruwa, ta sanar da su cewa a zamaninsu zani ɗaya suke ɗaurawa a ƙirji, ta haifi tara, ba ta taɓa maƙalewa a kasuwa ba. Sannan ta dawo kaina da shawarar da har na mutu ba zan manta ba.

"Rufe idonki, 'yar nan. In ba ki gan shi ba, shi ma bai gan ki ba."

Wallahi na rufe. Mace da 'ya'yanta, a durƙushe, ido a rufe, cikin jar bireziya, tana jiran surukinta ya ɓace. Da na buɗe yana nan, ya koma nazarin ɗaya kwanon. 'Yata kuwa ta zagaya bayana tana ja da iyakar ƙarfinta tana ba da rahoto: "Alhaji, ta ƙi fita. Alhaji, ko za ka gwada?"

Tsohuwa ta matso, ta kare bakinta da hannu, ta yi raɗar da ta tayar da wani ɗan dako daga barci: "Ce masa na ciwon baya ne!"

Ni kuma, da ba ni da sauran abin da zan rasa, na ce, "Baba, na ciwon baya ne."

Dattijo ya samu igiyar da zai kama. Ya sauke ajiyar zuciya, har yanzu idonsa a sama, ya ce, "Ayya, sannu. Allah ya sawwaƙe. Ai ciwon baya ba daɗi. Ni ma nan kwana biyu bayan nan ya hana ni sakat."

Mai rumfa, wanda tun ɗazu ya yi tsit, ya miƙe tsaye. Ya dubi Baba daga hula har takalmi, ya sa hannu cikin tulin kaya.

"Alhaji, kai arba'in da biyu ne. Baƙa ko fara?"