Yadda Za Ka Sayar Da Tsohuwar Tarakta A Garin Da Kowa Ya San Tarinta

A ce dai ƙaddara ta ɗauke ka ta ajiye a wani ƙaramin gari a jihar Iowa ta Amurka, inda aka fi ko'ina noman masara a ƙasar, aladu kuma suka ninka mutane yawa. Ka shekara da shekaru kana noma, yanzu gwiwa ta fara ƙara, 'ya'ya sun tafi birni, babu mai shirin dawowa. A bayan gida ga tarakta, ga garma, ga injin shuka, ga 'yan karsana, ga tulin ƙarafan da kai kanka ka manta na mene ne. Kana so ka rabu da su ba tare da ka rabu da mutuncinka ba.

Hanyar da kakannin garin suka bi tana nan, wato shafin ƙananan tallace-tallace na jaridar garin. Kada ka raina shi. Tun 1704 jaridar Boston News-Letter ta fara karɓar talla, kuma cikin na farko-farko har da na wata gona da ke Oyster Bay. Kada kuma ka raina ƙaramar jarida. A nan Iowa, jaridar Storm Lake Times, wadda a lokacin ke buga kwafi wajen 3,000, ta sa editanta Art Cullen ya ci lambar Pulitzer a 2017. Sai dai ko edita ya ci lambar duniya, manomi daga baya yake fara buɗe jarida, ya ga wa ke sayar da me. Ga yadda za ka shiga wannan shafi ka fito lafiya.

Na ɗaya: ƙirga kalmominka

Irin wannan talla da kalma ake biyan kuɗinta, ko da layi. Saboda haka duk gaisuwar da aka raine ka da ita, ajiye ta a ƙofar ofis. Babu sallama, babu ina gajiya, babu tarihin yadda ka sha wahala kafin ka mallaki taraktar. Ma'aikaciyar da ke karɓar talla za ta bi rubutunka da bakin biro tana ƙirgawa, kai kuma kana tsaye kana jin kowace kalma na fita daga aljihunka. Nan take za ka gano cewa "kyakkyawar tarakta mai ƙarfin gaske wadda ba ta taɓa ba ni kunya ba" tana iya komawa "tarakta, tana tashi."

Ka kuma kiyaye ranar rufe karɓar talla. Jaridar mako-mako ba ta jiran kowa. Ka makara da rabin awa, ka ƙara wa shanunka mako guda suna cin ciyawar da kai za ka biya.

Na biyu: kada ka yi ƙarya, taƙaita gaskiya kawai

Nan ne gwanintar take. A babban birni kana iya sayar wa baƙo kwaraɓaɓɓen inji ka ɓace. A garin mutum dubu ɗaya, wanda zai sayi taraktar shi ne wanda ya ja ta da sarƙa bara da ta mace maka a bakin gada. Matarsa ce ta koyar da 'ya'yanka, ƙanensa ne bakaniken da ya ce maka injin ya gaji. Gobe da safe kuma teburi ɗaya za ku zauna a shagon kofi. Ƙarya ba ta da wurin kwana a irin wannan gari, don haka manoma suka ƙware a wata gajeriyar gaskiya da kowa ya san yadda ake warware ta.

In ka rubuta "tana aiki lokacin da aka ajiye ta", ba ka yi ƙarya ba. Ba ka dai faɗi cewa a zamanin Shugaba Reagan aka ajiye ta ba, ko cewa bishiya ta tsiro ta tsakanin ƙafafunta. "Kullum a rumfa take kwana" magana ce mai daraja, kuma babu dokar da ta ce sai ka ambaci ko rumfar na da rufi. "Tana buƙatar ɗan gyara" na nufin mai saye ya zo da babbar mota da igiya. "Hannu ɗaya ta sani" gaskiya ne, illa dai mai hannun yana da 'ya'ya maza huɗu kuma duk a kanta suka koyi tuƙi. Mai sayar da ciyawa zai rubuta "ruwa bai taɓa dukanta ba", alhali duk garin ya san ranar da ya yanka da ranar da hadari ya sauko. Bijimi kuma in aka ce "mai sanyin hali", sai ka tambayi dalilin da ya sa mai shi ke ɗingishi.

Babu wanda ake cuta a wannan harka, domin mai karatu ma ɗan gari ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Na uku: faɗi launi, ka yi hankali da agogo

Manoman can sun kasu gida biyu tun kaka da kakanni: masu kore, wato John Deere, da masu ja, wato Farmall da danginta na International Harvester. Akwai gidan da in ka shiga da jar tarakta za a dube ka kamar ka sauya jam'iyya. In taka John Deere 4020 ce, wadda aka daina ƙerawa tun 1972 amma har yau ake rububinta, to ba ka buƙatar wani kirari. Rubuta lambar kawai ka koma kusa da waya.

Tarakta ba a auna tsufanta da nisan tafiya, da awannin aiki ake aunawa, akwai agogo a gabanta mai ƙirga su. Da yawa daga cikin tsofaffin agogunan in suka cika awa 10,000 sai su koma sifiri su sake lale. Don haka gogaggen manomi ba ya rubuta "ta yi awa 3,200". Abin da yake rubutawa shi ne "agogo na nuna awa 3,200". Agogo ne ya faɗa, ba kai ba. In rigima ta taso, a je a tuhumi agogo.

Na huɗu: sa farashi, ka bar ƙofa a buɗe

Bayan farashi ana ƙara "ko tayin da ya fi tsoka". Ma'anarsa ita ce kai da mai karatu duk kun san kuɗin da ka rubuta mafarki ne. Shirya wa masu kira. Na farko zai tambayi komai har lambar taya, ya ce zai yi shawara da matarsa, ba za ka sake jin ɗuriyarsa ba. Na biyu zai zo ya zagaya taraktar sau uku, ya shuri taya, ya leƙa ƙarƙashi, ya yi tsaki, sannan ya taya rabin kuɗi yana mai nuna taimakonka yake yi. Na uku ba saye ya kawo shi ba, so yake ya ji ko gonar ma za a sayar.

Rubuta "a kira bayan ƙarfe 6 na yamma" don a san kai mai aiki ne, ko da tun azahar kake kishingiɗe. A yankunan Amish da Mennonite, irin su Lancaster a Pennsylvania, za ka riƙa ganin "ban da kira ranar Lahadi". Wannan kam ba wasa a ciki, ka kiyaye.

Na biyar: in kayan sun fi ƙarfin layi uku, kira Kanar

Wanda zai bar noma gaba ɗaya gwanjo yake yi a gonarsa. A al'adar can, mai kiran gwanjo Kanar ake ce masa, ko da bai taɓa riƙe bindigar tauri ba. Dillali ne dai irin na kasuwar shanu ta Wudil ko Potiskum, la'ada yake ci, bambancin kawai shi ne namu yana jan ka gefe ya raɗa maka, shi kuwa wannan da lasifika yake tona asirin kayanka, da saurin bakin da ko 'yan garin rabi suke kamawa.

Shi zai tsara takardar gwanjo da za a buga a jarida, a kuma manna a banki da shagon kofi da wurin sayar da abincin dabbobi. Lokacin da aka saba shi ne ƙarshen hunturu, domin a Iowa hayar gona bisa al'ada ranar 1 ga Maris take ƙarewa, sabon mai shiga ya shiga kafin shuka. Wato za ka tara jama'a a tsakar gida cikin sanyin da ke daskarar da gemu. Kada ka damu, za su zo.

Kwatance ba ya wahala, tunda hanyoyin karkarar a miƙe suke kamar an ja su da rula: mil uku arewa da gari, biyu gabas. A ƙasan takarda sai sharuɗɗa. Biya nan take, da tsabar kuɗi ko cek mai kyau. Kaya yadda ka gan su, a inda ka gan su. Ba ruwan mai gida da wanda ya ji ciwo. Sai kuma sarkin sharuɗɗa: abin da aka sanar ranar gwanjo ya shafe abin da aka buga. Wannan jimla ita ce sabulun da ke wanke duk wani zuƙi-ta-mallen da ya kuɓuce maka a jarida.

Kada ka kuskura ka manta da layin da ke cewa akwai abinci a wurin. Galibi matan cocin unguwa ne ke sayar da kofi da burodi da nama da kek. Akwai mutanen da ba su taɓa ɗaga hannu a gwanjo ba amma ba su taɓa fashin zuwa ba, saboda wannan layin. Kai dai da ka san jihar da kake, tambayi naman mene ne kafin ka kai baki.

Na shida: ranar wanka ba a ɓoyon cibi

Da ƙananan kaya ake farawa. Za a jera su a kan amalanken ɗaukar ciyawa: kwalayen ƙusoshi masu tsatsa, sarƙoƙi, bokitai, fitilar da ba ta kamawa, sifana goma sha biyu duk lamba ɗaya. Kanar zai ɗaga kwali, in ba wanda ya taya sai ya haɗa shi da na gaba, har sai wani bawan Allah da ke son guduma ɗaya ya tafi gida da kwali biyar. Manyan injuna sai can tsakar rana, lokacin da jama'a ta cika.

A ranar za ka ga maƙwabcin da kuka shekara talatin kuna gaisawa yana zaro sandar auna mai daga injinka, yana murza man a yatsa, yana sunsunawa, yana girgiza kai don wanda ke kusa da shi ya karaya. Kada ka ji haushi, shi ne zai saya. Ka daure kuma in ka ga abin da ka saya da tsada ya tafi a banza, wata tsohuwar alamar kamfanin iri da ka toshe taga da ita kuma ta tashi da kuɗin da ya fi na garma.

In kai ne mai saye, sa hannuwanka a aljihu. Kada ka sosa hanci, kada ka kori ƙuda, kada ka ɗaga wa suruki hannu. Manoman can da ɗan ƙifta ido ko taɓa hula suke tayi, yaran Kanar kuma idonsu kamar na shaho. Gaisuwa ɗaya ta isa ta mayar da kai mai injin baza taki.

Na bakwai: faɗi dalili kafin a faɗa maka

Matsakaicin shekarun manomin Amurka ya kai 58 a ƙidayar gonaki ta 2022, don haka "gwanjon ritaya" ba ya ba kowa mamaki. "Gwanjon gado" kuma an riga an karanta sanarwar rasuwar a shafi na biyu. Amma in ka bar dalili a rufe, kafin jarida ta kai ƙarshen gari an yanke hukunci a shagon kofi: ko banki, ko saki, ko likita.

Suna da hujjar wannan zargi. A farkon shekarun 1930, da bankuna suka riƙa ƙwace gonaki suna gwanjonsu, maƙwabta kan cika wurin su taya doki ko garma a kan 'yan kwabbai, su zuba wa duk baƙon da ya yi niyyar ƙarawa ido har ya sauke hannunsa, sannan su mayar wa mai gona kayansa. A shekarun 1980 kuma kuɗin ruwa ya hau, farashin ƙasa ya faɗi, takardun gwanjo suka cika jaridun karkara, har mawaƙa irin su Willie Nelson suka shirya taron Farm Aid a 1985 don tara wa manoma gudummawa. Tsofaffin garin ba su manta ba. Shi ya sa suke karanta takardar gwanjo a hankali, layi-layi, kamar sakamakon asibiti. In ritaya ce, rubuta ta da manyan baƙaƙe, ka hutar da su.

Na takwas: koma ka biya kuɗin godiya

Bayan an watse, saura talla ɗaya. Jaridun karkara suna da gurbin godiya, inda ake gode wa waɗanda suka taya jera kaya, da matan da suka dafa abinci, da wanda ya share ƙanƙara daga hanya. Wannan ma da kalma ake biya, amma a nan kada ka yi rowa. Sunan da ka tsallake don ka rage kuɗin kalma biyu, jikokinsa za su tuna wa jikokinka.

Wani zai ce duk wannan wahalar ta mece ce, ga intanet kyauta? Gaskiya ne. Shafin talla na Craigslist ya fara a 1995, Facebook ya buɗe kasuwarsa a 2016, gwanjon injunan gona da yawa ma yanzu ta kwamfuta ake yi. Ƙananan tallace-tallacen da suka kawo wa jaridun Amurka kusan dala biliyan 20 a shekarar 2000 sun zube, kuma daga 2005 zuwa yau jaridu fiye da 2,500 sun rufe, yawancinsu na mako-mako. A intanet za ka sa hoto goma ba ka biya ko sisi ba, mutum arba'in su tambaye ka ko kayan na nan, ba wanda zai zo.

Saboda haka sa a intanet ɗin, ba laifi, amma ka kai wa jaridar garinku nata layi ukun. Kuɗin tallan taraktarka da ba ta tashi shi ne ke biyan ɗan jaridar da zai zauna a taron hukumar gunduma ya ji yadda aka yi da harajinka. Kuma ita ce jaridar da wata rana za ta buga sanarwar rasuwarka. Gara ta same ka cikin masu biya.