Kowa da Irin Sibinsa

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin tantance masu neman aiki, ko da na makarantar kuɗi ce mai aji shida, ya san cewa kafin mutum ya yi sallama takardarsa ta riga ta tona masa asiri. Aikin wannan takarda, wato sibi, bai wuce ta faɗi wane ne kai, me ka karanta, me ka iya ba. Amma a zube ɗari biyu a kan tebur, sai ka ga jama'a dangi-dangi.

Mafi yawa su ne magada. Shi magaji bai taɓa zama ya rubuta komai ba. Shagon kwamfuta ya je ya ce wa yaron shago, "Malam, a buga mini irin ta Yaya." Aka goge suna aka sa nasa, ya biya ya tafi. Sauran bayani yana nan yadda yake. Sai ka ga saurayi ɗan shekara 23 da mata da 'ya'ya huɗu, ya kuma yi hidimar ƙasa a Abakaliki tun yana aji biyu na sakandare. Lambar wayar ma ta Yaya ce. Idan aka kira don gayyatar ganawa shi zai ɗauka, in an yi rashin sa'a kuma shi ma aikin yake nema.

Maƙwabtansu su ne waɗanda shekarunsu ke tafiya da baya. Ba zan ɗora musu laifin duka ba. Wasu bankuna ba sa duban wanda ya haura 26 ko 27, hidimar ƙasa ba ta ɗaukar wanda ya wuce 30 lokacin da ya gama karatu, ga yajin aikin malaman jami'a wanda a 2022 kaɗai ya ci wata takwas. To sai a nufi kotu a yi takardar rantsuwa, a zubar da shekara biyar a bakin ƙofa. Inda ake samun cikas shi ne lissafi. Ya gyara ranar haihuwa, ya manta da takardar firamare, wadda yanzu take nuna cewa ya shiga aji ɗaya yana goye a bayan uwarsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma manya ma sun faɗa. A 1999 Salisu Buhari ya hau kujerar shugaban Majalisar Wakilai da shekaru 36 da digirin Jami'ar Toronto, sai mujallar The News ta bankaɗo cewa shekarunsa 29 ne, jami'ar kuma ba ta san da zamansa ba. Shi ƙari ya yi ba ragi ba, amma kujerar dai ta tafi, har da hawaye.

Akwai gwanin kwamfuta. Ya rubuta cewa Word da Excel a tafin hannunsa suke. Aka tura masa na'ura aka ce ya tara albashin mutum goma. Ya daɗe yana shafa gefenta yana neman makunni, daga ƙarshe ya ce, "Ranka ya daɗe, ba irin wannan muka yi amfani da ita ba."

Marubucin tarihi shi ba ya ƙarya, gaskiyarsa ce ta yi yawa. Shafi tara. Ya faro daga makarantar allo, ya bi ta shekarar da aka naɗa shi monita, ya lissafa kowane taron bita da ya halarta, har wanda ya je don shinkafa da kuɗin mota. Ya haɗa da hoton takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma da katin rigakafi. Abin da ake nema, wato shekara uku da ya yi yana koyar da lissafi, yana can shafi na bakwai, inda babu mai tantancewa da ya taɓa isa yana farke.

Sai mai manya. A gurbin waɗanda za su tsaya masa ya jera sanata, hakimi da farfesa. Sanatan sau ɗaya suka haɗu a ɗaurin aure, cikin mutum dubu. Aka kira lambar farfesan, wata murya ta ce, "Allah sarki, ai Baba ya rasu tun kafin azumin bara." Kishiyarsa kuwa ya sa kawunsa da surukinsa, mutanen da ko kisan kai ya yi za su ce yaron kirki ne.

Ƙananan dangi ba sa ƙirguwa. Wanda adireshin imel ɗinsa inkiyarsa ce ta majalisar shayi. Wanda aka rufe layinsa saboda bai haɗa shi da lambar ɗan ƙasa ba, yana gida yana zagin masu hanya alhali an neme shi sau uku. Wanda ya aika wa asibiti takarda mai cewa burinsa tun yarinta ya zama jami'in kwastan. Wanda ya ce yana sha'awar karatu da tafiye-tafiye, aka tambaye shi littafin ƙarshe da ya karanta, ya ɗaga kai yana kallon fanka.

Wadda take ba ni haushi fiye da su duka ita ce mai kunya. Sibinta rabin shafi, a gurbin ƙwarewa ta rubuta "babu". Sai da wata 'yar kwamiti ta ce, "Ƙanwata, tun da kika gama difloma me kike yi?" sannan ta sunkuyar da kai ta ce ba komai, shagon mahaifinta kawai take riƙewa. Ashe shekara shida ita ke saro kaya, ita ke rubuta bashi, ita ke biyan yara uku, ita ce kuma uwar adashen mata arba'in, ba a taɓa neman ko naira ɗaya an rasa ba. Aka ce me ya hana ta rubutawa? Ta ce ita ta ɗauka sai aikin da ake sa takalmi sau-ciki ake rubutawa, kuma ai ba kyau mutum ya yabi kansa. Kujerar da take nema ta mai kula da kuɗi ce, gwanin Excel kuma yana waje yana jiran a sake kiransa.