Nasiha ga Mai Nufin Ɗaukaka Darajar A-kori-kurarsa

Amma ba'adu, ya ɗan'uwa mai a-kori-kura, labari ya iske ni cewa tun ran da wata Hilux mai dogayen ƙafafu ta wuce ka a mararrabar Zuba, inda hanyar Kaduna da ta Lakwaja da ta Kubwa suka haɗu, direbanta yana leƙo ka daga bisa kamar mai duba ruwan rijiya, barci ya ƙaurace wa idonka, har ka ƙudura sai ka ɗaga taka motar ko da kuɗin cefane zai bi ciki. To, tun da nasiha hakki ce tsakanin 'yan'uwa, ga abin da na tsinto a majalisar bakanikai, ka karanta kafin ka kwance bakin aljihu.

Farkon sharaɗi shi ne gyaran niyya. In nufinka shiga ƙauyukan bayan Gwagwalada da Kwali da damina, ka ɗebo doya ba tare da cikin mota ya yi ta sharar ƙasa ba, to uzurinka karɓaɓɓe ne. In kuwa gasa kake so da Dutsen Zuma, ka sani shi tun 1999 hotonsa ke bayan takardar naira 100, kuma har yau ba a ji an zana wata a-kori-kura kusa da shi ba.

Na biyu, ka haddace mas'alar da bakanikai ba su yi saɓani a kanta ba, wato tsawo dabam, ƙarfi dabam. Waɗanda suka ƙera motar sun ƙayyade mata nauyi, wanda a irin su Hilux bai wuce kimanin tan 1 ba, misalin buhu 20 na siminti daga kasuwar Dei-Dei, kuma kai da karen motarka da goron da ke aljihunka duk kuna cikin lissafin. Ɗaga ta ba ya ƙara mata ko mudu guda, domin shasi da birki suna nan yadda suke. Abin da ya ƙaru kurum shi ne nisan kaya daga ƙasa, da saurin karkatarta a kwana. A-kori-kurar iyayenmu, tun zamanin da Peugeot ta fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, da ƙanƙan da kai ta yi hidimarta.

Na uku, ka zaɓi mazhaba, domin uku ce a kasuwar kayan gyara ta Zuba. Akwai masu cusa dunƙulen ƙarfe tsakanin sifirin da ƙarfen tayoyin baya, hanya mai araha, sai dai ran da ka taka mai da lodi a hawa za ka ji bayan mota yana karkarwa kamar mai masassara. Akwai masu ƙara falle a sifirin, kuma ita ce fatawar da za ka fi ji: "Alhaji, ranka ya daɗe, a ƙara biyu, ko buhu arba'in ka ɗora ba za ta durƙusa ba." Gaskiya ne ba za ta durƙusa ba, amma in babu kaya za ta riƙa tsalle da kai kamar ɗan akuya, in da kaya kuma birki ne zai fasa ƙwai. Akwai kuma masu canja sifirin da shokazoba gaba ɗaya da waɗanda aka ƙera don juna, ita ce mafi inganci, ita ce kuma mai sa maigida ya yi shiru kwana uku. Ko wacce ka bi, inci 2 ya wadatar. Abin da ya haura haka yana tanƙwara zaman farfela, ya ja tiyon birki har ya miƙe kamar tsirkiya, kai kuwa ka zama ɗan gida a gareji.

Na huɗu, babin ja. In kana jan tankin ruwa ko babban janareta, ka tuna maƙalin baya ya tashi tare da motar, abin da ake ja sai ya ɗaga hanci, nauyinsa ya koma gindi, ya kama rausaya hagu da dama a titin Giri kamar mai bin kiɗan kalangu. Maganinsa a sauko da maƙalin har abin ya daidaita, a kuma tsara kaya yadda kimanin ushirin nauyin zai sauka a kansa.

Na biyar, kada ka manta da tulun ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya, wanda shi ne ke fara gaisawa da dutse. Duk ɗagawar duniya ba ta matsar da shi sama, sai manyan tayoyi, su kuma suna rage kuzarin mota, su tsawaita tsayawarta, su ƙara mata ƙishirwa, alhali tun 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafi, fetur ya daina amsa gaisuwar talaka.

Na ƙarshe, ka je kasuwar 'ya'yan itace da asuba ka kalli 'yan dako suna cira buhun lemon Binuwai zuwa kafaɗa, jijiyar wuya a tashe, sa'an nan ka tambayi kanka wa zai biya ladan ƙarin tsawon. Raƙumi, duk da tsawonsa, yana da ladabin gurfana a yi masa laftu. Motarka ba ta san wannan ladabi ba. Ka kuma tanadi turmi a bayanta domin ranar da za ka kai Hajiya asibiti.

Shi kuwa mai Hilux ɗin nan, ka cire hassadarsa daga zuciyarka. In wata rana ka tarar da motarsa ta kishingiɗa a kwana, kankana tana gangarawa kwalbati, ka tsaya ka yi masa barka da arziki, ka ce a kwaso abin da ya tsira a zuba a taka. 'Yan dako ba za su sha wuya ba, gajeriya ce.