Na Ɗauko Teku Na Ajiye a Falo

Daga Kano zuwa bakin teku tafiya ce ta kusan kilomita 1,000, kuma kakannina kaf sun yi zamaninsu sun koma ga Allah babu wanda ya yi kukan rashinsa. Ni ne na farko a zuriyarmu da abin ya dama. Laifin kuwa na Jidda ne. Mun gama umara muna jiran jirgi, aka kai mu gidan kallon kifi a bakin Bahar Maliya, na ga murjani da ransa, kifaye masu launi suna shiga suna fita cikin rassansa. Kafin mu sauka a Kano na riga na zaɓi bangon da zan jingina nawa.

Mai gilashi ya haɗa mini akwati mai cin lita 200. Uwargida ta zaci kabet na sayo wa kwanukanta, har ta fara godiya. Da na yi bayani sai ta ce, "Maigida, in gishiri ne akwai a kicin, kar ka ɓata kuɗinka." Na gyara zama na yi mata lissafi: kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri giram 35, wato akwatin nan zai lashe kilo 7. Kuma ba gishirin miya ba, ba kantun Bilma ba. Haɗi ne na musamman mai kalsiyam da magnesiyam, don murjani ya samu abin gina ƙashinsa. Daga Legas za a aiko. Rabin kuɗinsa kawai na faɗa mata, sai da ta nemi kujera.

Ruwan rijiyar burtsatse ba ya yi, balle na ɗan garuwa. Sai wanda aka tace da inji har babu sauran komai a cikinsa. Masu buga ruwan leda suka rantse mini da irin injin suke aiki, na yi odar jaka 20, leda 400 ke nan. Na jera yara a tsakar gida, kowa da almakashi, ana farkewa ana tsiyayewa a bokiti. Kafin la'asar mata biyu sun shigo tambayar yaushe ne sunan, ta uku kuma ta ja uwargida gefe, cikin tausayi, tana tambaya ko amarya zan yi.

Sai kuma zaman jira, wanda babu mai gaya maka shi a Jidda. Kashin kifi yana zama amoniya, ita kuwa guba ce. Dole wasu ƙwayoyin bakteriya su zauna a jikin dutse su riƙa mayar da ita nitirait, wasu kuma su mayar da wannan nitirat mai sauƙin illa. Kafin su yi yawa akan ɗauki mako 4 zuwa 6, kuma don su samu abinci sai ka jefa ɗanyen jatan lande ka bar shi ya ruɓe. Haka na ajiye akwatin ruwa da duwatsu a falo, famfo yana ta gurnani, wari yana gaishe da baƙi tun daga zaure.

Ana cikin haka Inna ta zo. Ta sunkuya ta duba ta gaba, ta zaga ta duba ta gefe.

"Kai ɗan nan, ina kifin?"

"Inna, akwai halittu a ciki, ba a ganinsu ne."

"Ba a ganinsu, amma kana ciyar da su?"

"E, Inna."

Ba ta ƙara ko kalma ba. Washegari almajiri ya yi sallama da rubutu a jarka, da saƙon in sha, in shafa, ragowar a zuba wa mutanen cikin gilashin.

Ƙanena kuwa tausayina ya ji. Na dawo daga aiki na tarar da ƙatuwar tarwada tana birgima a cikin tekuna, ta rushe mini duwatsu. "Yaya, na ga abin ya ƙi ne, na ce ko da ɗaya a fara." Tarwada 'yar ruwan daɗi ce, gishiri zuƙe mata ruwan jiki yake yi. Muka ceto ta zuwa tukunya. Uwargida ta ce wannan ne farfesun farko da ba ta nemi gishiri ba.

Daga ƙarshe motar dare ta kawo baƙin gaske cikin leda mai iska: kifaye biyu masu launin lemo da fararen ratsi, irin na fim ɗin yaran nan na 2003, Finding Nemo, da gutsattsarin murjani da ba su fi ɗan yatsa ba. Na nuna ilmi, na gaya wa uwargida cewa irin wannan kifi duka maza suke tasowa, sai wanda ya fi girma ya rikiɗe ya zama mace, kuma ita ke mulkin gidan. Ta ce, "Allah mai hikima," ta matso kujerarta kusa da gilashi. Da na sani da na bar wannan karatun a cikina.

Murjani dabba ce, amma wasu ƙananan tsirrai ke zaune a jikinta suna dafa mata abinci da haske, shi ya sa sai da shuɗiyar fitila. Ruwan kuma ana so ya tsaya a wajen digiri 25. Sai Afrilu ya shigo da zafinsa na sama da 40. Idan zafi ya yi yawa murjani yakan kori tsirran nan ya koma fari fat, abin da ya faru da babban murjanin gaɓar Ostareliya a 2016. Can ƙasa guda ce da masananta; nan ni kaɗai ne da firiza ɗaya. Na kwashe zoɓo da nama na jera gorunan ruwa su daskare, ina tsoma su cikin akwatin ɗaya bayan ɗaya. In aka ɗauke wuta famfo ya tsaya, iskar cikin ruwan ta fara ƙarewa, sai ka gan ni tsakar dare da ɗan kamfai da moɗa, ina ɗiba ina kwararowa daga sama. Janareto ya zama na kifi. Mu muka koma barci a tsakar gida.

Zafin ya riƙa shanye ruwan, ni kuma ina cikawa da ruwan gishiri, tunda teku ne. Ɗana na firamare ya ce, "Baba, ai ruwan ne ke tashi, gishirin yana nan." Na ce ya je ya yi aikin makaranta. Da na ɗiga ruwan a ma'auni sai ga gishirin ya haura giram 40 a lita. Na sanar da iyali cewa gishirin Bahar Maliya ma wajen haka yake, kuma da ma ita na gani na yi sha'awa. Murjanin bai karɓi wannan bayani ba. Biyu suka yi fari tas, Inna ta zo ta ce sai yanzu suka yi kyan gani.

Tun daga ranar uwargida ta karɓe ma'aunin ta ɗaure a haɓar zani. Ita ke awo, ita ke cikawa da farin ruwa, ta kuma zana layi a jikin gilashi da jan farce don kada wani ya wuce. Sauran murjanin sun farfaɗo, abin da nake dangantawa da sanyin damina. Aikina yanzu ɗauko jakunkunan ruwa da sayen fetur. Jiya na sa hannu zan gyara dutse, babbar kifin nan ta taso ta gantsara mini cizo a yatsa. Uwargida ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Maigida, ka nemi izini kuwa?"