Tsarabar Kufai

Da na dawo daga Italiya, Kawu ya ce tunda ban kawo masa turare ba, to in biya shi da labari. Muka shimfiɗa tabarma a zaure, nesa kaɗan da katangar nan da ta yi gansakuka tun bara.

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai wani gari can kudu, a yankin Basilikata, ana ce masa Kirako. Bisa tsauni aka kafa shi tun zamanin da ake gudun mahara, da hasumiya a ƙololuwa. Yau ko kaza babu mai kiwo a ciki. Sai an kifa maka hular kwano kafin ɗan jagora ya shige da kai, kada ɓaraguzai su rotsa maka kai. Na leƙa wani ɗaki, ga murhu da baƙin hayaƙinsa, ga ciyawa ta tsiro a inda uwargida take zama."

"Yaƙi ne ya ci su?"

"Ina fa! Maharan duk sun zo sun wuce, gari na nan daram. Ƙarƙashinsa yumɓu ne. Da zamani ya zo aka ja musu bututun ruwa da na kwatami, masana suka ce yoyon da suke yi ya taimaka wajen jiƙa ƙasar. Ɗis, ɗis, kowa na tsallakewa, kowa na cewa gidan kakanmu ne, ai bai taɓa faɗuwa ba. A 1963 ƙasa ta zabtare, aka fara kwashe mutane zuwa kwari. Ambaliya ta biyo a 1972. Girgizar ƙasar 1980 kuwa gawa ta tarar, ta rufe mata ido kawai. Yanzu masu shirya fim ne ke hayar kangon."

Ban kalli famfon tsakar gida ba, wanda aka ɗaure wa wuya da tsumma da roba wata goma sha ɗaya, kuɗin gyaransa kuwa mun tara sau biyu.

Kawu ya ɓantari goro, ya girgiza kai.

"Kai, Turawa ma akwai sakaci," in ji shi. Sai ya shafa gefen tabarma, ya ji danshi, ya ƙwala wa yaro kira ya zo ya matsar da ita gaba kaɗan.