Fiya-fiya da Jama'arta

Fiya-fiyar da ake tallarta daga kasuwar Sabon Gari zuwa lungunan Fagge tana da kaka a masana'anta: PCl3, wani ruwa garai-garai da ake samu idan fosforos ya haɗu da iskar kulorin. Daga shi ake faro haɗa dikulobos, dafin da ke cikin kwalbar. Kakan nan ba ya ga-maciji da ruwa. Danshin iska kaɗai ya isa ya sa shi tuƙa farin hayaƙi mai ƙona maƙogwaro. Jikar ta fi shi haƙuri. Jama'arta kuwa sai a hankali.

Akwai malamin darasin yamma na 'yan WAEC. Ya rubuta PCl3 + 3H2O → H3PO3 + 3HCl har allo ya gaji, amma bai taɓa ganin kwalbar PCl3 ba. In aka tambaye shi launinsa, sai ya ce wannan ba ya fitowa a jarrabawa. Ɗalibinsa na layin gaba ya haddace cewa PCl5, ɗan'uwan PCl3, hawa biyu yake yi, ruwa kaɗan ya ba da POCl3, ruwa mai yawa ya ƙarasa H3PO4. Shi ne kuma da daddare zai feshe ɗaki, ya ja ƙofa, ya kwanta a ciki.

Sai sarkin algus, mai tire da kwalabe babu takarda. Ya surka da kananzir, in kananzir ya yi tsada ya koma ruwa, bai san ruwan yana cin dafin sannu a hankali ba. "Orijinal ne, Alhaji, shinshina ka ji!" Abin haushin, Alhajin zai shinshina.

Ga mai buhunan wake, wanda gardama ta fi ƙwaro yawa a shagonsa. Ya yayyafa, ya ɗinke baki, ya ce rana za ta cinye. Rana ba ta cinye ba: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Najeriya saboda wannan dafin. Har yau yana cewa hassada ce.

Hajiya tata a robar lemo take, kusa da man gyaɗa, kuma kowa a gidan "ya sani", har da na goye.

Na ƙarshe ba ya saye sam. Ya ce sauron Jakara da fiya-fiya yake karya kumallo, don haka ya dogara da tafi.