Yadda Ake Zama Farfesan Leƙen Ƙwaƙwalwa Daga Garki

Ƙanena, tunda ka nace sai ka yi binciken hoton ƙwaƙwalwa har ka zama farfesa, alhali ga sa'o'inka can sun kama dillancin filaye a Lugbe suna ta sauya motoci, to gyara zama in ba ka abin da ya sawwaƙa.

Jarrabawar farko a gida take. Ranar da ka gaya wa Hajiya aikinka ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ne, kalma ɗaya dangi za su riƙe, wato hoto. Za a neme ka ranar kamu, a neme ka ranar suna. Waɗanda suka ɗan waye za su ce ai likitan mahaukata ne, su riƙa turo maka duk wanda ya fara zance shi kaɗai. Gwaggo kuwa za ta zo da hoton gwiwarta cikin ambulan. Kada ka ɓata yawunka wajen bayanin cewa kai bincike kake yi, ba ka duba marasa lafiya. A wurinta, wanda ya kasa duba gwiwa ina shi ina duba kai?

Ƙofar shiga tana da yawa: likitanci, ko karatun aiki da na'urorin hoton asibiti irin na Jami'ar Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo, ko fizis, ko kwamfuta. Lauterbur da Mansfield, da suka raba kyautar Nobel a 2003 saboda na'urar MRI, babu likita a cikinsu. Godfrey Hounsfield, injiniyan Ingila da aka fara leƙa kan majiyyaci da na'urarsa ta CT a 1971, ko digirin jami'a ba shi da shi. Da a nan ne, da ko takardar neman aiki ba za a karɓa a hannunsa ba, ya je can da Nobel ɗinsa na 1979. Saboda haka kai dai ka tara takardu, ka yi musu kwafi goma-goma.

Sai na'urar kanta, wadda za ka yi wa ladabi fiye da surukarka. Maganaɗisun MRI mai tesla 1.5 ya ninka na doron ƙasa kusan sau 30,000, kuma ba a kashe shi, dare da rana. Wayoyinsa a jiƙe suke cikin ruwan hiliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri. In wuta ta daɗe ba ta dawo ba, injin sanyaya ya tsaya, sai hiliyom ya fara zama iska yana guduwa, kuɗinsa kuwa da dala ake biya. Don haka kafin ka san sunan shugaban sashe, ka san sunan mai kula da janareta, ka san sunayen 'ya'yansa, ka je masa barka da sallah. Na'urorin Abuja na asibiti ne, majiyyaci mai rasit a hannu shi ne gaba. Kai mai bincike rabonka bayan isha'i, in an ga dama.

A ce ka samu daren. Saura masu ba da kai, a zahirin ma'anar kalmar. Na taɓa raka wani abokina irin wannan zama a wani asibiti. Wata baiwar Allah ta cire ɗankunne da awarwaro, aka ce saura allurar mayafi, ta cire. Aka ce ta goge kwalli don yana ɓata hoto, sai ta ce to a bar mata idon ko shi ma a cire? Dattijon da ya biyo ta ya ajiye makullai da katin banki ba gardama, amma da aka zo kan abin da ke ɗaure a damtsensa sai ciniki ya tsaya. Da ƙyar ya yarda. Ya dubi ramin da za a tura shi, fari, matsattse, daidai tsawon mutum, ya dubi abokina ya ce, "Yaro, wannan ai an san inda ake shiga irinsa." Ya yi kalmar shahada ya kwanta. Na'ura ta kama ruri kamar injin markaɗe, an ce kada ya motsa har minti arba'in. A minti na bakwai ya ɗaga kai ya tambaya ko an ga wani abu.

In na'ura ta gagara, akwai sadakar Turawa. Manhajojin FSL na Oxford da SPM na Landan kyauta ne ga mai bincike, haka hotunan mutum kusan 1,200 na shirin Human Connectome a Amurka. Ka zauna a ɗakinka na Garki kana saukewa, ƙwaƙwalwar Bature ɗaya ta cinye maka datar wata guda. Kan ka gama digiri na uku ka san kan matasan Amurka ciki da bai, na maƙwabcinka kuwa sai dai hularsa.

Ka kiyayi launi. Tun 1990, da Seiji Ogawa ya nuna ana iya bin sawun iskar da ke cikin jini da MRI, duniya ta cika da hotunan ƙwaƙwalwa masu ɗigon ja da rawaya, ana cewa ga mazaunin soyayya, ga na rowa. Na'urar ba ta ganin tunani, kai-komon jini take gani, sauran lissafi ne. A 2009 Craig Bennett da abokansa suka nuna sakamakon mataccen kifi da suka saka a na'ura, suka nuna masa hotunan mutane, sai ga ɗigo ya haska a kansa. Dalili kuwa, in ka yanka hoto gida dubbai kana gwada kowane gida, dole wasu su haska bisa katari, sai in ka gyara lissafin. An ba su Bennett kyautar barkwanci ta Ig Nobel a 2012. Kada ka ce za ka maimaita da tarwaɗar kasuwar Kado. An riga ka, kuma kifi ya yi tsada.

Yanzu matso kusa, wannan ba na raha ba ne sosai. A Kano, likitocin Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala, tare da Jami'ar Vanderbilt, sun yi aiki da 'yar na'urar sauti dangin ta awon ciki. Ana ɗora ta a gefen kan yaro mai sikila, gaban kunne, a auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. In ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron na bakin shanyewar ɓarin jiki. A Amurka ƙarin jini ake yi wa irinsa duk wata, abin da iyaye a nan ba za su jure ba. Gwajin da aka yi da yara 220, wanda ya fito a 2022, ya nuna ƙaramin awo na maganin haidiroksiyuriya yana ba da kariya kamar matsakaici. A Blantyre ta Malawi kuma, da MRI mai tesla 0.35, wadda a Landan ko kallo ba ta isa ba, aka nuna a 2015 cewa kumburin ƙwaƙwalwa ne ke kashe yaran da zazzaɓin cizon sauro ya hau musu kai: 21 cikin 25 da suka rasu suna da shi. Amma kada ka faɗi haka gaban kwamitin sayen kaya. Ƙaramar na'ura ba ta da bikin yanke kyalle.

Saura tsani. Daga mataimakin malami zuwa farfesa, kowane mataki shekara uku ne in komai ya tafi daidai, ban da irin wata takwas da ASUU ta yi a gida a 2022. Mujallar waje za ta nemi kuɗin bugu da ya fi albashinka na shekara. Takardar neman tallafi ka kai TETFund a Maitama, ka dawo ka jira. In an karɓi aikinka a taron ƙasar waje, ka buga fasta wurin masu ɗab'i na Area 10, ka naɗe ta da kyau. In biza ba ta fito ba, tana maganin rana a tagar ofis.

Farfesa sai ya kai 70 yake ritaya, don haka akwai lokaci. Ranar walimar kujerarka, bayan an watse, Gwaggo za ta ja ka gefe ta zaro ambulan ɗin nan. Ka karɓa da hannu biyu, ka ɗaga hoton saitin fitila, ka gyaɗa kai sau uku, sannan ka ba direba kuɗin mai ya kai ta wurin likitan ƙashi.